Shin Ƙaramin Kare Yana Buƙatar Abinci Marar Hatsi?

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kare a fagen farauta da gadi, kuma abincin irin wannan kare bai wuce ragowar tuwo da kunu da ƙasusuwa ba. Amma a Sabon Gari da wasu sassan Fagge akwai gidajen da ake kiwon ƙananan karnuka masu yawan gashi, irin su Lasa, wanda asalinsa daga Tibet yake, nauyinsa kuma bai cika wuce kilo 8 ba. Masu irin waɗannan karnuka sukan sayi busasshen abinci na buhu da ake shigowa da shi daga waje. Wasu buhunan suna ɗauke da rubutun cewa babu hatsi a cikinsu, kuma galibi sun fi tsada. Tambayar da za mu duba ita ce: hatsi yana cutar da ƙaramin kare ne, har ya cancanci a biya ƙarin kuɗi don guje masa?

Kare da Kyarkeci

Hujjar masu tallar wannan abinci ita ce, kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa nama yake ci. Gaskiya ne asalinsu ɗaya, amma zaman dubban shekaru tare da ɗan Adam ya sauya cikin kare. A shekarar 2013 Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka kwatanta ƙwayoyin gadon dabbobin biyu. Sun gano cewa ƙwayar gado mai suna AMY2B, wadda ke sa jiki ya samar da sinadarin amilas mai narkar da sitaci, guda 2 kawai kyarkeci yake da ita, alhali karnukan da suka bincika suna da daga 4 zuwa 30. Ke nan dafaffiyar shinkafa ko masara ko gero ba baƙin abu ba ne a hanjin kare. Karnukan mafarautanmu da suka tashi a kan tuwo da kunu shaida ne.

Me Ake Sawa a Madadin Hatsi?

Busasshen abinci ba ya dunƙulewa sai da sitaci. Saboda haka idan kamfani ya cire masara da shinkafa, sai ya maye gurbinsu da dankali ko fis da lentil, waɗanda dangin wake ne. Sitaci dai yana nan, tushensa ne kawai ya canza.

A watan Yuli na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda aikinta ya yi kama da na NAFDAC, ta fara binciken rahotannin wani ciwon zuciya a karnukan da ke cin irin wannan abinci. A wannan ciwo naman zuciya yakan yi rauni ya saki, zuciyar ta buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata. An san shi a matsayin ciwon gado na manyan karnuka kamar Doberman, amma sai aka riƙa ganin sa a wasu irin da ba a saba ba, har da ƙanana kamar Shih Tzu. Daga Janairun 2014 zuwa Afrilun 2019 hukumar ta karɓi rahotanni 515 game da karnuka, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abincin da aka ambata marar hatsi ne.

A nan akwai darasi ga ɗalibin kimiyya. Ganin abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. A Disambar 2022 hukumar ta bayyana cewa rahotannin su kaɗai ba su isa su tabbatar da sanadi ba. Duk da haka likitoci sun lura wasu karnukan sun sami sauƙi bayan an canza musu abinci. Mai hankali ba ya ɗaukar kasadar da babu riba a cikinta.

Ainihin Buƙatar Ƙaramin Kare

A 1932 Max Kleiber ya nuna cewa ƙaramar dabba tana ƙona abinci da sauri fiye da babba idan aka auna da nauyin jiki. Bisa lissafin da likitocin dabbobi ke amfani da shi, kare mai kilo 4 yana buƙatar kimanin kalori 200 a rana ko da yana kwance, wato 50 ga kowane kilo. Mai kilo 30 kuwa yana buƙatar kimanin 900, wato 30 ga kowane kilo. Ga shi tumbin ƙaramin kare ba ya ɗaukar abinci da yawa. Don haka abin da ya dace da shi shi ne abinci mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a rana. Kwikwiyonsa kuwa idan ya daɗe bai ci ba, sukarin jininsa yakan faɗi har ya suma.

Wasu sukan ɗora wa hatsi laifin ƙaiƙayi. Bincike ya nuna cewa a cikin karnukan da jikinsu ke ƙin wani abinci, naman shanu da madara da kaza sun fi alkama yawan jawo matsalar. Kafin a zargi abinci ma, a fara duba kaska da ƙuma. Idan zargin ya tsaya a kan abinci, likitan dabbobi yakan tsara gwaji na kimanin makonni 8 don gano mai laifin.

Haɗarin da Ya Fi Kusa da Mu

A yanayinmu, musamman da damina, abin tsoro shi ne hatsin da ya yi fumfuna. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Gubar tana lalata hanta, dafuwa ba ta kawar da ita, kuma kare ba ya jure mata. Kada a ba shi hatsin da mutane suka ƙi ci, kuma a ajiye buhun abincinsa a rufe a busasshen wuri. Haka nan ragowar miya mai albasa ko tafarnuwa tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma ɗan abin da babban kare zai jure yana iya kwantar da ƙarami.

Kammalawa

Lafiyayyen ƙaramin kare ba ya buƙatar abinci marar hatsi. Hatsi mai tsabta da aka dafa sosai, tare da isasshen nama ko kifi ko ƙwai, ya dace da shi. Wanda karensa ya daɗe a kan abinci marar hatsi ya tuntuɓi likitan dabbobi, musamman idan ya ga yawan gajiya, ko tari, ko numfashi sama-sama.