Likita Mai Imani da Jinyar Zuciya: Darasi daga Khartum da Umdurman

A gidajenmu, idan wani ya kamu da ciwon damuwa ko taɓin hankali, gardamar farko ita ce: wurin malam za a kai shi ko asibiti? Wasu likitocin Sudan sun daɗe da fuskantar wannan tambaya, kuma amsarsu tana da amfani gare mu.

Dakta Tijjani Almahi, wanda aka haifa a 1911, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a Landan, ya buɗe ɗakin duba masu ciwon hankali a Khartum ta Arewa a 1949. Ya lura cewa jama'a sun fi amincewa da shehunan tsangayu, don haka bai ɗauke su abokan gāba ba. Ya ziyarce su, ya saurare su, ya nemi su riƙa turo masa wanda ciwonsa ke buƙatar magani. Magajinsa Dakta Taha Ba'ashar ya ci gaba da wannan aiki tare da shehunan Ummu Dubban, kusa da Khartum. Bayan rasuwar Almahi a 1970, aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa.

Farfesa Malik Badri kuwa, wanda zuriyarsu ta kafa Jami'ar Ahfad a Umdurman, ya dubi al'amarin ta fuskar shi kansa mai jinyar. A littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar da masana halayyar ɗan Adam Musulmi suke ciki, ya soki masu ɗauko ra'ayin Freud ɗungurungum, ra'ayin da ke kallon addini a matsayin ruɗin zuciya. Hujjarsa ita ce babu likitan da ke shiga ɗakin jinya ba tare da aƙidarsa ba. Wanda ya raina imanin majinyaci zai kasa fahimtar nadamarsa, da tsoronsa, da abin da yake sa rai a kai. Duk da haka Badri bai watsar da ilimin zamani ba. Ya yi aiki da hanyoyin da gwaji ya tabbatar, ya kuma fito da rubutun Abu Zaid Albalkhi, malamin da ya yi bayanin ciwon baƙin ciki sama da shekara 1000 da suka wuce. Allah ya yi masa rasuwa a 2021.

Sai dai imani ba ya maye gurbin ƙwarewa. An sha ɗaure marasa lafiya da mari a wasu tsangayu, alhali allura ko ƙwaya ce za ta kwantar da ciwon.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan kun je wurin likita ku duba abu biyu: ya san aikinsa? Yana mutunta addinin majinyaci? Malamin da ya ce a daina shan magani a guje shi, likitan da ya yi wa addu'a ba'a ma a sake wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.