Me ya sa Ɗanladi ke komawa "?anladi" a rajista?

Rumbun bayanai na kwamfuta zai rubuta "é" na Sokodé lafiya lau, amma ya ci karo da ƙ ko ɗ sai ya rikice. Laifin tsohon tsarin latin1 ne: gurbi 256 kacal gare shi, babu ɗ na Hausa, babu ɖ na Tem, babu ŋ na Moba a Dapaong. Ɗanladi sai ya koma "?anladi". In aka adana shi haka, harafin ya tafi ke nan, sunan ya saɓa da na takardar haihuwa. Sai a 2018 MySQL 8.0 ya ɗauki utf8mb4 a matsayin tsarin farko. Masu rajistar makaranta ko asibiti, ku sauya teburin da mahaɗin duka, amma ku fara ajiye kwafi tukuna.