Makafi Masu Tuƙa Jirgin Sama A Kwamfuta

Kowane dare, a ƙasashen Turai da Amurka da sauran sassan duniya, dubban mutane ke zama gaban kwamfuta a ɗakunansu suna tuƙa jiragen sama na kwaikwayo daga wannan birni zuwa wancan. Sukan sha mai gwargwadon nisan tafiya, su nemi izni wurin masu ba jirage hanya, su tashi su sauka bisa ƙa'idodin da matuƙan gaske ke bi. A cikin waɗannan matuƙa akwai makafi, waɗansunsu ma tun haihuwa ba su taɓa ganin ko inuwar jirgi ba. Abin da ya ba su wannan dama shi ne na'urar nan mai riƙe jirgi a sama ba tare da hannun mutum ba, wadda Turawa ke kira otofailot, tare da waɗansu ƙananan manhajoji da ake ƙarawa bisa babbar manhajar tuƙin.

Wannan al'amari ya jawo gardama tsakanin masu sha'awar harkar. Waɗansu na cewa wanda ya bar na'ura ta tuƙa masa jirgi fasinja ne kurum. Makafin kuwa na cewa aikin da suke yi shi ne ainihin aikin matuƙin jirgin fasinja na wannan zamani. Kafin a gane mai gaskiya, sai an san yadda abin ke gudana.

ASALIN MANHAJAR

Manhajar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Microsoft Flight Simulator. Wani injiniya Ba'amurke, Bruce Artwick, shi ya kafa tushenta, kamfanin Microsoft kuwa ya fara sayar da ita a 1982. An yi ta sabunta ta har zuwa fitowar 2006, sa'an nan a 2009 kamfanin ya rufe sashen da ke yin ta. Daga wancan tushe ne kamfanin ƙera jirage na Lockheed Martin ya fito da tasa mai suna Prepar3D. A 2020 Microsoft ya dawo da sabuwa wadda wani kamfanin Faransa, Asobo, ya gina, aka kuma sake fito da wata a 2024. Fitowar 2020 na ɗauke da filayen jirgi kimanin 37,000 na duniya duka, har da na Malam Aminu Kano.

Matsalar makaho a nan a fili take. Makafi na aiki da kwamfuta ne ta hanyar manhaja mai karanta musu rubutun da ke kan allo da murya, kamar JAWS, ko kuma NVDA wadda waɗansu makafi biyu 'yan Ostareliya suka fara a 2006 suke rarraba ta kyauta. To, amma ɗakin matuƙi a cikin manhajar jirgi zane ne tsantsa. Agogon nuna tsawo, da na gudu, da na nuna alƙibla, duk hotuna ne, mai karanta allo kuwa rubutu ya sani. In makaho ya buɗe manhajar haka kawai, ba abin da zai ji sai rurin inji.

ƘOFAR DA AKA BARI A BUƊE

Abin da ya kawo mafita shi ne, ko da yake agogunan hotuna ne, alƙaluman da ke juya su suna nan ajiye a cikin kwamfutar. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna FSUIPC, wadda aka daɗe ana amfani da ita, aikinta shi ne ta buɗe wa waɗansu manhajoji ƙofa su karanta waɗannan alƙaluma, su kuma aika wa jirgin umarni. An yi ta ne domin masu son haɗa wa wasan ƙarin kayan aiki, amma makafi suka ga hanya a wurin suka bi.

Ta wannan ƙofa ce Talking Flight Monitor ke aiki, manhajar da makafi masana kwamfuta suka rubuta da kansu. Matuƙi ya danna maɓalli ta faɗa masa tsawon da jirgi yake, ya danna wani ta faɗa masa gudu ko alƙibla ko sauran mai ko garin da ya fi kusa. In tayoyi sun sauka ko sun koma, ta sanar. Tana kuma da wani amo mai hawa da sauka, wanda ke nuna ko hancin jirgin ya ɗaga ko ya sunkuya. Mafi muhimmanci, tana shimfiɗa wa makaho maɓallan na'urar tuƙin a rubuce, yadda mai karanta allo zai iya bin su. Kafin ita, makafi da yawa sun dogara ga It's Your Plane, wadda ke zama kamar mataimakin matuƙi: a yi mata magana da Turanci ta aikata, ta kuma karanto jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi da sauka. Akwai kuma irin su FSTramp, mai karɓar tsarin tafiya ta riƙa juya jirgin daga mashigi zuwa mashigi.

YADDA TAFIYA KE KASANCEWA

Makaho kan fara da tsara hanya: inda za a tashi, inda za a sauka, filin da za a nufa in yanayi ya ɓaci, nauyin kaya da yawan mai. Sai ya shigar da wannan a kwamfutar jirgin harafi bayan harafi. Tashi da hannu ake yi, domin ko a jiragen gaske na'ura ba ta ɗaga jirgi daga ƙasa. Matuƙi ya ba da totur, ya kasa kunne ga muryar da ke ƙirga masa gudu, lokaci ya yi ya ja sitiyari. A jirgi irin Boeing 737, sai an kai tsawon ƙafa 400 ake miƙa wa na'ura ragama.

Daga nan aikin ya koma na lissafi da sauraro. Na'urar ba ta san inda ake so a je ba sai an gaya mata, kuma abin da aka gaya mata shi za ta yi ko da kuskure ne. Jirgin da ke tsawon ƙafa 35,000 dole ya fara gangarowa tun saura mil 105 ko fiye, domin ƙa'idar matuƙa ita ce mil 3 ga kowace ƙafa 1,000. Wanda ya makara zai iske kansa bisa filin jirgi yana can sama. Wajen sauka akwai saƙon rediyo iri biyu da ke fitowa daga bakin titin jirgi, ɗaya na nuna tsakiyar titin, ɗaya na nuna gangaren da za a bi, wanda yawanci digiri 3 ne. Matuƙi ne zai kama tashar da ta dace, ya rage gudu, ya sauke tayoyi, ya daidaita jirgin da saƙon. In ya yi daidai, sai ya ji murya na ƙirga tazarar da ta rage, 50, 40, 30, 20, 10, har tayoyi su taɓa ƙasa.

Saboda haka matsayin na'urar bai wuce na ɗan jagora ba. Shi ke riƙe da kan sanda, amma mai sandar ne ya san unguwar da za a je da ƙofar da za a tsaya.

TUƘI BA DA IDO BA TSOHON ABU NE

Masu cewa wannan ba tuƙi ba ne sun manta da tarihin jirgin sama. Duk matuƙin da ya shiga gajimare, ko hazo mai kauri irin wanda kan hana jirage sauka a Kano lokacin hunturu, idonsa ba ya amfana masa kome a waje. A 1954 Jami'ar Ilinoyi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agoguna ba, aka tsare musu ganin waje. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178.

Tun kafin wannan gwaji ake neman maganin abin. A watan Yuni 1914, a birnin Paris, Lawrence Sperry ya nuna na'urar tuƙi ta farko: ya ɗaga hannuwansa sama, makanikensa ya fita ya taka bisa fiffike, jirgin bai karkata ba. Ran 24 ga Satumba 1929, a wani filin soja kusa da Niyok, James Doolittle ya tashi ya zagaya ya sauka cikin ɗakin tuƙi da aka lulluɓe, ba abin da yake gani sai agoguna. A shekarun da suka biyo baya kuwa, da kunne matuƙa ke bin hanya. Tashar rediyo ta ƙasa na aika amon harafin A a gefe ɗaya, na harafin N a ɗaya gefen. In matuƙi na kan hanya sosai sai su haɗu su zama amo guda miƙaƙƙe. A 1965 wani jirgin fasinja samfurin Trident ya sauka a Landan da taimakon na'urar sauka. A yau, tsakanin tsawon ƙafa 29,000 da 41,000, inda jirage ke wuce juna da tazarar ƙafa 1,000 kacal, doka ta wajabta a sami na'urar riƙe tsawo mai aiki. Watau abin da makaho ya canza ɗaya ne tak: agogon da ake dubawa ya mai da shi agogon da ake ji.

WAHALAR DA TA RAGE

Abin mamaki, ƙasa ta fi sama wuya. Daga inda jirgi ke ɗaukar fasinja zuwa bakin titin tashi, layin fenti da alluna ake bi, na'urar tuƙi ba ta da hannu a ciki. Makafi da yawa kan sa manhaja ta ajiye musu jirgin kai tsaye a bakin titi. Amma a VATSIM, ƙungiyar sa kai da aka kafa a 2001 inda mutane na gaske ke zama masu hasumiya ta intanet, doka ta hana mutum ya shigo da jirginsa yana bisa titin tashi. Dole makaho ya bayyana wa mai hasumiya halinsa su daidaita.

Wahala ta biyu ita ce ta dogaro. Manhajojin da makafi ke rataye da su mutane ƙalilan ne ke kula da su, galibi a lokacin hutunsu. In babban kamfani ya sabunta manhajarsa, ko masu ƙera wani jirgi na ƙari suka canza tsarinsa, murya na iya ɗaukewa har sai an gyara. Haka kuma ba kowane jirgi ke buɗe alƙalumansa ba. Wannan ya sa makafi suka fi karkata ga Boeing 737 da 777 na kamfanin PMDG, domin ya ba da hanyar karanta maɓallansu. Ga kuma tsada: kwamfuta mai ƙarfin zana hotunan da makaho ba zai gani ba, dole ya saye ta. Shi ya sa waɗansu suka koma ga Eurofly, wadda aka gina da sauti zalla domin makafi, ko da yake ta raba su da sararin da masu gani ke tashi a ciki.

Dokokin jiragen sama na duniya ba su yarda a ba makaho lasin tuƙi ba, makafin kuma ba shi suke nema ba. A 2007 wani makaho ɗan Ingila, Miles Hilton-Barber, ya tuƙa ƙaramin jirgi daga Landan zuwa Sidni, tafiyar fiye da kilomita 21,000, da agoguna masu magana da kuma matuƙi mai gani a tare da shi. Kaɗan ne za su sami irin wannan dama. Sauran miliyoyin, domin ƙididdigar 2020 ta nuna akwai makafi wajen miliyan 43 a duniya, kwamfuta ce hanyar da ta fi kusa da su.

Roƙon da suke yi wa kamfanoni bai da yawa: duk wanda zai ƙera manhaja, ya bar alƙaluma da maɓallai yadda mai karanta allo zai kai gare su. Wannan roƙo ya shafi duk ma'aikatar da ke sayen manhajar biyan albashi ko ta rajistar ɗalibai, domin mutanen da suka iya sauke Boeing da kunne, cika fom ba zai gagare su ba in an bar musu ƙofa.