Jeraniyom mai ƙamshin lemo: yadda ake renonsa, da abin da ba ya iyawa

Duk wanda ya shiga ajina a Ngaundere zai tarar da gwangwani uku a bakin taga, da wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye masu lanƙwasa. Yara ba sa wuce shi sai sun murza ganyen sun shinshina, don ƙamshinsa sak na lemon tsami. Masana suna kiransa Pelargonium crispum. Asalinsa daga yankin Kef ta Yamma ne a Afirka ta Kudu, inda ƙasa take da rairayi, ruwa ba ya kwanciya.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin renonsa. Na farkon da na samu da hannuna na kashe shi, saboda son da nake masa: kullum ruwa safe da yamma, har gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Yanzu sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe kafin in ba shi. A huda gindin gwangwani, a haɗa ƙasa da yashi da ɗan taki wanda ya riga ya ruɓe. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, a janye shi ƙarƙashin rumfa. Yana son hantsi, amma 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa su kare shi daga ranar la'asar ta Maris da Afrilu.

Ba ya bukatar iri. A yanki reshe kamar santimita 10 a ƙasan gaɓa, a zage ganyen ƙasa, a soke shi cikin yashi mai laima. Cikin mako 3 zuwa 4 zai yi saiwa. A riƙa tsinke kan, in ba haka ba sai ya miƙe siriri kamar sanda. Uwargida kan jefa ganye biyu a shayi.

Sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji wani mahaifi yana cewa tunda ya ajiye irin wannan tsiro a ɗaki, ya naɗe gidan sauron yaransa. Malam, a mayar da shi yau. A 1996 masu bincike a Kanada sun gwada ɗan'uwansa, wanda ake tallarsa da sunan maganin sauro, suka tarar bai hana cizo ba. Ni ma na sha ganin sauro zaune a kan ganyen nawa da magariba, hankalinsa kwance.