Daga Gafaka Zuwa Kwamfuta: Sabon Fagen Aiki a Jami'o'i

A kusa da Tsafe akwai wani tsohon gari mai suna 'Yandoto, wanda masana tarihi suke lissafawa cikin manyan cibiyoyin ilmi na ƙasar Hausa tun kafin jihadi. A wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin bayan malamansa sun ƙi mara wa jihadi baya. Malamai suka watse, littattafai suka tarwatse, shi ya sa sunan garin ya fi rubuce-rubucensa yawo a yau. To, abin da yaƙi ya yi a lokaci guda, gara da laima suna nan suna yin irinsa sannu a hankali a zaurukan malamai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ga kuma rashin tsaro da ya tashi ƙauyuka da dama, kuma mai gudun ceton rai bai cika tsayawa ɗaukar gafaka ba.

Ceton irin waɗannan takardu ya zama sana'a, har ma ya zama fannin ilmi mai malamai da ɗalibai a jami'o'in duniya. Fannin kuwa shi ne nazarin adabi da tarihi ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tare da ɗan'uwansa ilmin laburare da sarrafa bayanai. Akan danganta mafarinsa da wani limamin kirista na ƙasar Italiya, Roberto Busa, wanda a 1949 ya nemi taimakon kamfanin IBM don jera kalmomin da ke cikin littattafan Thomas Aquinas, kalmomi kusan miliyan 11. Aikin ya ci shi kimanin shekara 30.

Maƙiyan takarda

Kafin a kai ga kwamfuta, sai an fara da ilmin halittu, domin takarda daga tsiro take. Sinadarin da ya fi yawa a jikinta shi ne selulos, irin wanda ke cikin kara da auduga, kuma abinci ne ga halittu masu yawa. Gara tana narkar da shi da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta, wasu ire-irenta ma noman naman gwari suke yi a cikin suri don ya tausasa musu abincin. Asu kuwa kankare fuskar takarda yake yi, ya tafi da rubutun. Idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100, kamar yadda take yi a Gusau cikin watan Agusta, sai fumfuna ta tsiro. Da hunturu ya shigo sai takardar ta bushe ta yi ta karyewa. Wannan kumbura da tsukewa na kowace shekara shi ne ke gajiyar da ita.

Ita kanta tawada tana da nata laifi. Wadda aka haɗa da gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, sai dai ruwa ya wanke ta. Amma wadda aka haɗa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, duk da ba ta wankuwa, tana iya huda takarda bayan shekaru, har a ga haruffa sun zama ramuka. Mai adana littattafai dole ya san wannan bambanci. Ya kuma san cewa littafin da ƙwari suka kama akan naɗe shi cikin leda a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na kimanin mako guda, ba a fesa masa maganin sauro. Manna salatif a kan yagaggen shafi, ko like shi cikin roba da zafi, ɓarna ce da ake yi da kyakkyawar niyya.

Yadda aikin yake

Ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi a cikin aikin: kyamara a kan mariƙi, fitila marar zafi, rula da katin launi a gefen kowane shafi, sa'an nan a ajiye hotunan a wurare daban-daban. Wahalar tana wajen bayani. Littattafan malamanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a tsakanin tadarishi, kuma idan suka hargitse ba abin da zai mai da su daidai sai kalmar nan da marubuci yakan sa a ƙasan shafi don nuna farkon shafi na gaba. Sai an sami mai karanta Larabci da ajami ya gano sunan littafin, da mawallafi, da wanda ya kwafa, ya kuma warware ramzi, wato shekarar da aka ɓoye cikin haruffa. Idan aka ɗaga takarda aka haska ta, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata guda uku, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Hoton da ba shi da irin wannan bayani ba mai iya nemo shi a cikin dubbai.

Tun 2004 Babban Laburaren Birtaniya yake ba da tallafi don ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, bisa sharaɗin asalin takardun su zauna a ƙasarsu. Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom, ta tara rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka tare da malaman Jami'ar Bayero. Abin da ya faru a Tambutu a Janairun 2013, inda aka ƙone ko aka yi awon gaba da littattafai kimanin 4,000 na Cibiyar Ahmad Baba, ya ƙara farkar da duniya.

Har ila yau, ba takarda kaɗai ke mutuwa ba. Zamfara gidan makaɗa ce: Salihu Jankiɗi a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi, ga Musa Ɗanƙwairo Maradun, ga Sa'idu Faru. Waƙoƙinsu da yawa a kaset suke, kaset kuwa zafi da laima suna cinye shi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana juyar da waƙoƙin baka zuwa rubutu a jerin littattafansa na Diwanin Waƙoƙin Baka. Da za a zuba wannan taska a kwamfuta yadda ya kamata, ɗalibi zai iya gano cikin daƙiƙa kaɗan sau nawa makaɗan fada suka kira sarki giwa, sau nawa suka kira shi zaki.

Ina guraben aikin suke?

Hanya mafi daɗewa ita ce ta laburare. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da wannan ilmi a 1968, Jami'ar Bayero ma tana da nata. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, ma'aikacin laburaren jami'a mai digiri a fannin malami ne a tsarin aiki: yana bincike, yana wallafa maƙalu, kuma Shugaban Laburare yana cikin manyan jami'an gudanarwa. Dokar 1995 ta kafa hukumar yi wa masu wannan sana'a rajista. Ban da jami'o'i, akwai Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Hanya ta biyu sabuwa ce, wato koya wa kwamfuta harshe. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa a 2013, amma na'ura ba ta iya komai sai abin da aka ciyar da ita. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin gajerun saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka. Ajami ya fi wuya. An sami haruffan bugu irin su Alkalami masu kwaikwayon rubutun Kano, amma karanta hannun malamai kai tsaye daga hoto har yanzu fage ne a buɗe ga mai neman digiri na uku.

Sai dai kada a ruɗi ɗalibi. Guraben ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu na ayyukan tallafi ne masu wa'adin shekara biyu ko uku. Mai son zama malamin jami'a sai ya fita da sakamako mai kyau a digiri na farko, ya bi da na biyu da na uku. Amfaninsa ɗaya: masu iya kwamfuta suna da yawa, masu karanta ajami ma haka, amma wanda ya haɗa biyun a Nijeriya ƙidayuwa gare su. Yaron da ya yi makarantar allo kafin boko ya riga ya yi rabin tafiya. Abin takaici shi ne yadda makarantun sakandare suke raba ɗalibai gida biyu tun daga ajin farko na babbar sakandare, har ɗalibin kimiyya yana ganin ajin Hausa ko na Larabci wurin waɗanda lissafi ya kayar ne.

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana koyar da Hausa da Larabci da tarihi da ilmin halittu da kimiyyar kwamfuta a harabarta. Malamin sakandare a Tsafe ko Bunguɗu kuwa zai iya farawa da ƙungiyar ɗalibai 10 da littafin rubutu guda: a nemi izinin masu gida, a rubuta sunan kowane littafi da yawan warƙoƙinsa da halin da yake ciki, a ɗauke gafakar daga ƙasa a mai da ita kan kanta nesa da bango, tun kafin ruwan Yuni ya sauka.