Tsohuwar Libarba A Akwatin Kaka: Me Za Ki Yi Da Ita?

Idan aka zo rabon gado, mu mata ne ke buɗe tsofaffin akwatuna. A gidan da kaka ya yi aikin soja ko ɗan sanda zamanin Turawa, akan ci karo da ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma, tsakanin lambobin yabo da takardu. Ita ce libarba.

Uwargida, da farko ki ɗauka akwai harsashi a cikinta, domin harsashi na iya tashi ko ya shekara 80 a ajiye. Kada ki taɓa kunamarta. Fitar da yara, ki kulle ɗakin.

Ana gane ta da ido, ba sai an ɗauka ba. Wadda ta fi shahara a hannun sojan Ingila ita ce Webley, ƙirar birnin Birmingham. Samfurin Mark VI ya shiga aikin soja a 1915. Tana cin harsashi 6, kuma akwai zobe a gindin mariƙinta inda ake ɗaura igiya. Sunan kamfanin da shekarar ƙira na rubuce a jikinta. Alama mai kama da kan kibiya na nuna kayan gwamnatin Ingila ce.

A ƙasashen da doka ta yarda a tara tsofaffin makamai, abubuwa uku ke ɗaga darajarta: lambobin da ke sassanta su zo ɗaya, launinta na asali ya saura, sannan a samu takardar da ta nuna wanda ya riƙe ta. Shi ya sa goge ta da toka ko yashi, kamar tukunya, ɓata ta ne.

Amma a Najeriya ba kayan sayarwa ba ce. Dokar makamai ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, kuma cewa "ta gado ce" ba lasisi ba ne. Duk wanda ya lallaɓo yana tayi a ɓoye, fitina ya kawo miki. A sanar da babban gida, a kira 'yan sanda su zo su ɗauka, a karɓi shaidar miƙawa a rubuce.

Ɗauki hotonta kafin ta tafi. Hoton nan, da lambobin yabo da takardar sallamar kaka, su ne gadon da jikoki za su riƙe ba fargaba.

Kin taɓa tsintar irin wannan a kayan magabata? Faɗa mana a ƙasa.