Tsohon Bashi: Yaushe Kotu Ke Daina Sauraro?

Duk ranar Juma'a a karar Wudil shanu na sauya hannu, kuma ba duka ake ƙirga kuɗinsu nan take ba. Wani ya ja sa bisa amana, dillali ya tsaya masa, a ce sai kasuwa mai zuwa. Haka mai kanti da littafinsa, haka mai taki da manomin da zai biya da kaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai da yawa ba su san cewa dokar ƙasa ta yanka wa mai bin bashi wa'adin kai ƙara ba. In ya wuce, kotu na iya korar ƙararsa ko da gaskiyarsa a fili take.

A Legas da Abuja wa'adin shekara 6 ne ga rance da bashin ciniki, wasu jihohin kuma 5 suka ɗauka. Saboda haka mai bin kuɗi a Wudil kada kunya ko kara su sa ya zauna har shekara 5 ta cika. Galibi ana fara lissafi ne daga ranar da alkawarin biya ya cika ba a biya ba. Tun 2019 akwai kotunan ƙananan ƙararraki a Kano, waɗanda aka kafa don irin wannan rigima, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya.

Wanda ake bi kuma ya kula da abu guda. In ya sa hannu a takardar amincewa da bashin, ko ya biya wani ɓangare, lissafin shekarun sabo yake komawa. Wanda ya zo maka da bashin da aka daɗe da mantawa yana cewa "kawo ko dubu biyar, sa hannu nan," ya san abin da yake yi. Ba cewa nake ka gudu ba. Ka nemi a nuna maka asalin kuɗin, abin da ka riga ka biya, da ruwan da aka ɗora, kafin biro ya taɓa takarda. In sammaci ya zo, ka je. Kai ne za ka ɗaga maganar wa'adi, kuma wanda ya ƙi halarta ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa.

Amma fa mutanenmu sun fi kai rigimar bashi kotun shari'ar Musulunci, inda ake hukunci da Malikiyya, kuma can bashi ba ya faɗuwa don shekara shida ta wuce. Ko mutum ya rasu, sai an fitar da shi daga dukiyarsa kafin wasiyya da rabon gado. Wasu na rikita wannan da hauzi, wato shekara 10 da baƙo zai yi yana riƙe da gona ko gida a gaban mai shi bai ce uffan ba. Wancan maganar mallaka ce, ba ta bashi ba. Abin da shekaru ke cinyewa a gaban alƙali shi ne hujja: shaidu su mutu, dillali ya manta, littafin kanti ya yage. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, amma mu har yau in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da mutum ba.

Banki kuwa ba lallai ya jira kotu ba. Daga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani banki ta lambar BVN, muddin ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Mutane da yawa da suka karɓi rancen korona na NIRSAL suna zaton rabon gwamnati ne, ta haka suka gane ba kyauta ba ne.

Sabon bashi ko tsoho, ba aikin ɗan sanda ba ne karɓo shi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Masu ba da rance ta waya da ke tura wa danginka saƙon cin mutunci kuwa, ka adana saƙonnin ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC.